Shekara 16 Ana Sabunta Takarda: Makomar 'Yan Haiti Masu Kariyar Wucin Gadi

Ranar Litinin 2 ga Fabrairu 2026, saura kwana ɗaya takardun zaman 'yan Haiti kimanin 350,000 su mutu a Amurka, wata alƙaliyar kotun tarayya da ke Washington, Ana Reyes, ta dakatar da umarnin gwamnati na soke su. Ba don haka ba, da masu kula da tsofaffi a gidajen jinya na Boston, da masu gyaran ɗakunan otal a Miami da Orlando, da ma'aikatan masana'antun Ohio sun wayi gari ba su da izinin aiki, kuma duk jami'in shige da fice da ya ga dama yana iya kama su ya tasa ƙeyarsu. Gwamnati ta ɗaukaka ƙara. Tun 2018 haka rayuwar waɗannan bayin Allah take tafiya, sakataren Ma'aikatar Tsaron Cikin Gida ya soke, alƙali ya dakatar, su kuwa suna tsakiya suna duba kwanan watan da ke jikin katinsu.

Tsarin da ake taƙaddama a kansa shi ne kariyar wucin gadi, wadda Amurkawa ke taƙaita sunanta da TPS. Majalisar dokokin ƙasar ce ta kafa shi cikin dokar shige da fice ta 1990, wadda Shugaba George Bush na farko ya sa wa hannu. Asalinsa 'yan El Salvador ne. A shekarun 1980 yaƙin basasa ya koro dubban ɗaruruwansu zuwa Amurka, amma gwamnatin Reagan, wadda ke mara wa sojojin ƙasar baya, ta riƙa ƙin ba su mafaka. Wani ɗan majalisa daga jihar Massachusetts, Joe Moakley, ya shafe shekaru yana fafutukar a samar da doka da za ta hana mayar da mutum ƙasar da ke cin wuta, ko da bai cika sharuɗɗan ɗan gudun hijira ba.

Wannan giɓi na sharuɗɗa shi ne tushen maganar gaba ɗaya. Yarjejeniyar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1951, wadda dokar Amurka ta kwaikwaya, tana kare wanda ake zalunta ne saboda launin fatarsa, ko addininsa, ko ƙasarsa ta asali, ko ra'ayinsa na siyasa, ko wani rukunin jama'a da yake ciki. Wanda girgizar ƙasa ta rusa wa gida ba ya cikin wannan lissafi. Haka ma matar da 'yan daba suka ƙone unguwarsu baki ɗaya, sai ta sha wahala kafin ta gamsar da alƙali cewa ita aka nufa a karan kanta. A nan Afirka ta fi Amurka hangen nesa, domin yarjejeniyar Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka ta 1969 ta ɗauki duk wanda rikici mai wargaza zaman lafiyar jama'a ya raba da gidansa a matsayin ɗan gudun hijira. Da wannan ma'auni ne Nijar ta karɓi mutanen Borno a Diffa, Chadi kuma ta karɓi mutanen Darfur, ba tare da an yi wa kowane mutum shari'a shi kaɗai ba.

Yadda tsarin Amurka ke aiki ba shi da sarƙaƙiya. Sakataren tsaron cikin gida ne ke ayyana ƙasa, bisa ɗaya daga dalilai uku: yaƙi, ko bala'i irin su girgizar ƙasa da annoba, ko wani yanayi na musamman da zai sa komawa ta zama haɗari. Wa'adin daga wata 6 ne zuwa wata 18. Saura kwana 60 ya ƙare, doka ta wajabta wa sakataren ya sake duba halin da ƙasar take ciki, sannan ya tsawaita ko ya soke. Ba a neman wannan kariya daga waje. Sai wanda ya riga ya shiga Amurka kafin ranar da aka gindaya. Ana ɗaukar hoton yatsunsa, a binciki tarihinsa, kuma babban laifi guda ɗaya ko ƙananan laifuffuka biyu sun isa su fitar da shi. Abin da yake samu abu biyu ne, ba za a kore shi ba, kuma zai yi aiki a fili ya biya haraji. Babu wata hanya daga nan zuwa katin zama na dindindin. A 2021 ma Kotun Ƙoli, ba tare da alƙali ko ɗaya ya saɓa ba, ta yanke cewa wanda ya shigo ƙasar ba bisa ƙa'ida ba, samun wannan kariya bai mayar da shigowarsa halal ba.

'Yan Haiti sun daɗe suna ƙwanƙwasa wannan ƙofa kafin a buɗe musu, kuma tarihin yadda aka yi da su yana da ɗaci. A 1981 gwamnatin Reagan ta ƙulla yarjejeniya da Jean-Claude Duvalier, mai mulkin kama-karya a Haiti, cewa jiragen tsaron gaɓar tekun Amurka za su riƙa tare kwale-kwalen 'yan Haiti a tsakiyar teku su mayar da su gida. Cikin shekaru goman da suka biyo baya an tare sama da mutum 20,000, waɗanda aka bari suka taka ƙasar Amurka don neman mafaka kuwa ba su kai 30 ba. A daidai lokacin, ɗan Kuba da ya iso gaɓa yana iya neman katin dindindin bayan shekara guda, albarkacin wata doka ta 1966. Da sojoji suka hamɓarar da Shugaba Jean-Bertrand Aristide a 1991, sansanin Guantanamo aka kai dubban masu gudu aka tsare. A 2008, shekarar da mahaukatan guguwa huɗu suka yi wa ƙasar rugu-rugu cikin wata guda, har birnin Gonaïves ya nutse cikin laka, Shugaba René Préval ya roƙi a ba mutanensa kariyar wucin gadi. Gwamnatin Bush na biyu ta ƙi.

Sai da ƙasa ta girgiza. Da yammacin Talata 12 ga Janairu 2010, girgizar mai ƙarfin maki 7 ta afka wa yankin Léogâne, kimanin kilomita 25 daga Port-au-Prince, babban birnin ƙasar. Fadar shugaban ƙasa ta rushe, majalisa ta rushe, babban cocin birnin ya rushe, hedkwatar tawagar Majalisar Ɗinkin Duniya ta faɗo kan ma'aikatanta. Gwamnatin Haiti ta ce mamatan sun haura 300,000, wasu masu bincike sun kawo adadi ƙasa da haka, amma kowa ya yarda mutum kusan miliyan ɗaya da rabi sun koma kwana a tantuna. Kwana uku bayan nan Sakatariya Janet Napolitano ta sanar da kariyar wata 18, a 2011 kuma aka faɗaɗa ta ga waɗanda suka iso cikin shekarar da ta biyo bayan bala'in.

An yi zaton za a sake gina ƙasar cikin 'yan shekaru kowa ya koma gida. Abin da ya faru daban ne. A Oktoban 2010 kwalara ta ɓarke a gefen kogin Artibonite, daga bayan gidan wani sansanin sojojin wanzar da zaman lafiya na Majalisar Ɗinkin Duniya 'yan Nepal kusa da Mirebalais. Ƙasar da ta yi fiye da ƙarni ba ta san wannan cuta ba ta rasa mutum kusan 10,000, sama da 800,000 suka kamu, kuma sai a Disambar 2016 Babban Sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya Ban Ki-moon ya nemi afuwa. Wata biyu kafin afuwar, guguwar Matthew ta share gonaki da gidajen kudu maso yammacin ƙasar. Duk lokacin da wa'adi ya zo ƙarewa akwai sabon dalili, aka yi ta sabuntawa.

A Nuwamban 2017 gwamnatin Trump ta farko ta ce dalilin girgizar ƙasa ya kau, ta ba mutum kusan 59,000 zuwa Yulin 2019 su tattara nasu ya nasu. Tun kafin sanarwar tsoro ya riga ya yi aikinsa. A watan Agustan shekarar kaɗai sama da mutum 5,000, galibinsu 'yan Haiti, suka tsallaka Kanada da ƙafa ta wata 'yar hanya mai suna Roxham, har hukumomin Montreal suka mayar da filin wasannin Olamfik wurin kwana. Da yawa ba su samu mafakar da suka je nema ba. A Amurka kuwa aka garzaya kotu. Alƙali Edward Chen a San Francisco ya dakatar da sokewar a Oktoban 2018, a wata ƙara da ta haɗa da 'yan Sudan da Nicaragua da El Salvador, sannan Alƙali William Kuntz a Brooklyn ya yi haka a Afrilun 2019. Takardun da suka fito a shari'ar sun nuna ƙwararrun ma'aikatan gwamnati sun rubuta cewa Haiti ba ta shirya karɓar mutanenta ba, manyansu na siyasa suka matsa a canja rahoton. Alƙalan sun kuma yi la'akari da kalaman ƙasƙanci da aka ruwaito shugaban ya yi kan Haiti da ƙasashen Afirka a wani taro na Janairun 2018, ko da yake shi ya musanta lafazin.

Gwamnatin Biden ta juya akalar. Bayan kisan Shugaba Jovenel Moïse a ɗakin kwanansa ranar 7 ga Yuli 2021, aka sake ayyana Haiti a watan Agusta, aka maimaita a ƙarshen 2022, aka sake a Yunin 2024 har zuwa 3 ga Fabrairu 2026. Kowace sabuwar ayyanawa tana matso da ranar da aka gindaya gaba, wato tana shigo da sababbin zuwa. Ga kuma wani shiri daban na Janairun 2023, wanda ya bai wa 'yan Kuba da Haiti da Nicaragua da Venezuela 30,000 damar shigowa ta jirgin sama kowane wata idan suna da mai ɗaukar nauyinsu. 'Yan Haiti sama da 200,000 suka shigo ta nan, da yawa daga baya suka koma inuwar TPS. Haka adadin ya tashi daga dubu hamsin da wani abu zuwa dubu ɗari uku da wani abu.

A nan ne masu adawa da tsarin suke da magana, kuma bai kamata a toshe kunne ba. Suna cewa abin da aka kira na ɗan lokaci ya zama na har abada: 'yan Somaliya tun 1991, 'yan Honduras tun 1999 har zuwa 2025, 'yan El Salvador tun 2001. Suna cewa mutum guda a ofis yana halatta zaman dubban ɗaruruwa ba tare da majalisa ta kaɗa ƙuri'a ba, kuma duk sabuwar ayyanawa saƙo ce ga na baya cewa su ma su taso, watakila rabonsu na tafe. Misalin da suka fi kawowa shi ne Del Rio. A Satumban 2021 mutum kusan 15,000, akasarinsu 'yan Haiti, suka taru ƙarƙashin wata gada a iyakar Texas da Meziko, kuma mafi yawansu ba daga Haiti suka taso ba, daga Chile da Birazil suke, inda suka yi shekaru.

Akwai gaskiya a ciki. Jita-jita ta waya tana tafiya fiye da sanarwar gwamnati, masu safarar mutane kuma suna sayar da ita da tsada. Sai dai waɗanda suka taru ƙarƙashin gadar ba su cancanci kariyar ba, tun da sun zo bayan ranar da aka gindaya, kuma abin da suka samu shi ne jami'ai a kan dawakai suna kora su cikin kogi, da jiragen da suka kwashe dubbai zuwa Port-au-Prince. Cikin shekara guda gwamnatin Biden ta mayar da sama da 20,000, tun a farkon korar kuma wakilinta na musamman a Haiti, Daniel Foote, ya ajiye aiki don nuna rashin amincewa. Daɗewar kariyar kuwa, ba masu riƙe da katin ne suka jawo ta ba. Ƙasar ce ba ta warke ba, majalisar da ya kamata ta yanke magana kuma ta bar abin a hannun sakatare shekara da shekaru.

Tambayar da doka ta ɗora wa sakatare guda ɗaya ce a zahiri: shin mutanen nan za su iya komawa lafiya? A Fabrairun 2025 Sakatariya Kristi Noem ta rage wa'adin da wata 6, a watan Yuni ta sanar da sokewa daga 2 ga Satumba, ma'aikatarta tana cewa al'amura sun inganta, kuma zamansu ya saɓa wa muradun Amurka. Alƙali Brian Cogan a Brooklyn ya ce ba ta da hurumin yanke wa'adin da aka riga aka bayar. A Nuwamba ta sake sanar da sokewa daga 3 ga Fabrairu, wadda ita ce Alƙaliya Reyes ta dakatar. Gwamnati ta dogara da wani sashe na dokar 1990 da ya ce kotu ba ta da ikon bitar shawarar sakatare kan ayyana ƙasa ko cire ta. Lauyoyin 'yan Haiti suka amsa cewa ba shawarar kaɗai suke ƙalubalanta ba, hanyar da aka bi ce ta saɓa doka, kuma an gina ta kan ƙiyayya. Kotun Ƙoli ta riga ta nuna inda ta karkata sau biyu a 2025, a watan Mayu da Oktoba, da ta bar gwamnati ta janye kariyar 'yan Venezuela alhali shari'a ba ta ƙare ba.

Maganar cewa Haiti ta inganta ba ta tsayawa ko da a gaban takardun gwamnatin Amurka kanta. Ma'aikatar harkokin wajenta ta sa ƙasar a mataki na 4, mafi tsanani, wato kada wani Ba'amurke ya je, saboda garkuwa da mutane da kashe-kashe da rashin asibiti. Tun Yulin 2023 ta kwashe iyalan ma'aikatan ofishin jakadancinta. A Nuwamban 2024 aka harbi jirgin kamfanin Spirit yana shirin sauka a Port-au-Prince, hukumar sufurin saman Amurka ta haramta wa jiragen ƙasar zuwa birnin. A Mayun 2025 gwamnatin Trump da kanta ta ayyana manyan gungun 'yan daba biyu, Viv Ansanm da Gran Grif, a matsayin ƙungiyoyin ta'addanci.

Viv Ansanm haɗakar gungun da a da suke gaba da juna ce, kuma fitaccen bakinta tsohon ɗan sanda ne, Jimmy Chérizier. A ƙarshen Fabrairun 2024, Firaminista Ariel Henry yana Nairobi neman 'yan sandan Kenya, suka far wa babban birnin, suka fasa manyan gidajen yari biyu, fursunoni kusan 4,000 suka tsere, suka rufe filin jirgi. Henry bai iya komawa ƙasarsa ba, daga waje ya yi murabus. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙirga sama da mutum 5,600 da aka kashe a 2024, ta kuma ce 'yan daba na riƙe da kashi 85 zuwa 90 cikin ɗari na birnin. A Pont-Sondé, a Oktoban shekarar, aka yi wa mutum sama da 70 kisan gilla cikin dare. A Disamba, a unguwar Wharf Jérémie, aka kashe sama da 200, yawancinsu tsofaffi, saboda wani shugaban daba ya zarge su da yi wa ɗansa asiri. Ranar jajibirin Kirsimeti aka yi yunƙurin sake buɗe babban asibitin gwamnati, 'yan bindiga suka buɗe wuta suka kashe 'yan jarida biyu da ɗan sanda. Mai cewa a koma wasu garuruwan da ba babban birni ba, sai ya dubi Mirebalais, wanda ya faɗa hannun 'yan daba a ƙarshen Maris 2025, asibitin koyarwarsa na zamani ya rufe. Zuwa ƙarshen 2025, mutum kusan miliyan 1.4 sun rasa matsuguni a cikin gida, miliyan 5.7, wato kusan rabin al'ummar, suna fama da matsananciyar yunwa. Tun 2016 ba a yi zaɓe ba.

Haiti ba ta ƙera bindiga. Rahotannin ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun laifuka sun nuna mafi yawan makaman da ke hannun 'yan daba daga Amurka ake fasa-ƙwaurinsu, musamman ta tashoshin jiragen ruwan Florida. Hannun manyan ƙasashe a raunin Haiti tsoho ne. Bayin da suka kori Faransa suka kafa jamhuriyar baƙar fata ta farko a 1804, waɗanda a rajistar gandayen rake na lokacin har da Hausawa aka rubuta cikinsu tare da Yarbawa da mutanen Dahomey da Kongo, an tilasta musu a 1825 su biya tsofaffin iyayen gijinsu diyyar faran miliyan 150, bashin da ya tsotse baitulmalin ƙasar har cikin ƙarni na 20. Amurka ba ta amince da 'yancinta ba sai 1862, sannan ta mamaye ta daga 1915 zuwa 1934. Wannan bai wanke shugabannin Haiti da attajiranta ba, waɗanda wasunsu da kuɗinsu suka raini 'yan dabar. Amma ƙasar da bindigoginta ke kashe mutane a Port-au-Prince ba ta da bakin cewa abin bai shafe ta ba.

Sauran maƙwabta kowa da irin nasa. Birazil ce ta fi yin abin kirki: da ta ga 'yan Haiti suna kwararowa ta dazukan jihar Acre, sai ta ƙirƙiro bizar jinƙai a Janairun 2012, a 2015 kuma ta ba kusan 44,000 zaman dindindin. Ayyukan gine-ginen gasar cin kofin duniya ta 2014 da Olamfik ta 2016 sun ɗauke su, da tattalin arziki ya karye kuma da yawa suka nufi Chile. Can ma adadinsu ya haura 150,000, sai Shugaba Sebastián Piñera ya ƙaƙaba biza a 2018, ya shirya jiragen mayarwa gida da sharaɗin wanda ya hau ba zai dawo ba sai bayan shekara 9. Daga nan ne ayarin da ya ratsa dajin Darién har ya isa gadar Del Rio ya samo asali. Jamhuriyar Dominikan, wadda suke raba tsibiri ɗaya, ita ce mafi tsanani. A 2013 kotun tsarin mulkinta ta ƙwace shaidar zama ɗan ƙasa daga zuriyar baƙi marasa takardu da aka haifa tun 1929. A Oktoban 2024 gwamnatin Luis Abinader ta ɗaura aniyar korar mutum 10,000 kowane mako, a shekarar ta mayar da sama da 270,000, a Afrilun 2025 kuma ta girke jami'an shige da fice a asibitocin gwamnati, inda ake kama mata masu ciki da masu jego. Hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi kira a 2022, ta sake a 2024, cewa kada a mayar da kowa Haiti da ƙarfi. Kaɗan ne suka saurara.

Garin da ya fi nuna fuska biyun lamarin a Amurka shi ne Springfield na jihar Ohio. Gari ne na masana'antu mai mutum kusan 60,000, wanda ya yi shekaru yana zubar da jama'a. Da sababbin kamfanoni suka buɗe suka rasa ma'aikata, 'yan Haiti masu izinin aiki suka ji labari a bakin 'yan uwansu, cikin 'yan shekaru aka ƙiyasta 12,000 zuwa 15,000 a yankin. Matsin gaskiya ne: kuɗin haya ya tashi, layin asibiti ya yi tsawo, makarantu suka shiga neman tafinta, wani haɗarin mota da ya kashe yaro ɗan makaranta a 2023 ya harzuƙa mutane. Amfanin ma gaskiya ne, domin masu kamfanoni sun fito sun yabi ƙwazonsu, gidajen da suka zama kufai suka samu masu gyarawa. Sai ga muhawarar 'yan takarar shugaban ƙasa ta 10 ga Satumba 2024, inda Trump ya maimaita ƙaryar cewa baƙin suna cinye karnuka da kyanwoyin mutane. 'Yan sanda da magajin gari suka ce babu wannan magana, amma barazanar bam sama da 30 ta biyo baya, aka rufe makarantu. Gwamna Mike DeWine, ɗan jam'iyyar Republican kuma haifaffen garin, wanda iyalinsa suka daɗe suna tallafa wa wata makaranta a unguwar Cité Soleil ta Port-au-Prince, ya tsaya ya ce mutanen nan bisa doka suke zaune, kuma aiki suka zo yi.

Abin da suke aikawa gida ma yana cikin lissafin. Kuɗin da 'yan Haiti mazauna waje ke turawa ya haura dala biliyan 3 a shekara, kusan kashi ɗaya cikin biyar na tattalin arzikin ƙasar, mafi yawansa daga Amurka. Da shi ake biyan kuɗin makaranta a ƙasar da galibin makarantunta na kuɗi ne, da shi ake sayen shinkafa, da shi ake biyan kuɗin fansa idan an sace ɗan uwa. Mayar da mutum 350,000 na nufin a toshe wannan mashaya, a kuma ƙara bakunan ci a gidajen da aka toshe wa. Duk mai son kwale-kwale su daina tasowa zuwa Florida ya kamata ya fi kowa tsoron wannan mataki.

Duk da haka, kare tsarin kamar yadda yake ba adalci ba ne ga masu cin gajiyarsa. Matar da ta shigo bayan girgizar ƙasa tana budurwa, yanzu tana da 'ya'ya 'yan sakandare waɗanda haihuwa ta sa suka zama Amurkawa. Ta biya haraji shekara 15, watakila tana biyan bashin gida, amma ba ta taɓa riƙe takardar da ta wuce wata 18 ba. Zamanta kamar na ɗan haya ne da mai gida ke cewa zauna tukuna, ba ya ba shi yarjejeniya, ba ya kuma ce ya tashi. Duk sabuntawa da kuɗinta, kuma dokar kasafin da aka sa wa hannu a Yulin 2025 ta ɗaga kuɗin neman kariyar daga dala 50 zuwa 500. Idan katin aiki ya makara, mai kamfani yakan tsorata ya sallame ta. Idan an soke, gaba kura baya sayaki: ta tafi da yaran ƙasar da gwamnatinsu ta hana su zuwa, ko ta bar su a hannun wasu, ko ta koma zaman ɓoyo. 'Yan Afirka sun san wannan zullumi. Kariyar 'yan Kamaru, wadda aka fara a 2022 saboda rikicin yankin masu Turancin Ingilishi da hare-haren Boko Haram a arewa mai nisa, an soke ta a Agustan 2025, ba don rikicin ya ƙare ba.

Wasu ƙasashe sun gwada wa'adi mai tsawo. Kolombiya, da ƙarancin arzikinta, ta ba 'yan Venezuela kariyar shekara 10 a 2021, da damar neman zaman dindindin kafin ta ƙare. A Amurka ma majalisar wakilai ta zartar da ƙuduri a 2019, ta sake a 2021, da zai buɗe wa masu TPS da suka daɗe hanyar samun katin dindindin, sau biyun ya mutu a majalisar dattawa.

Hanyar da ta dace a bayyane take, kuma gida biyu ce. Muddin Amurka tana hana jiragenta sauka a Port-au-Prince, tana kiran masu riƙe da birnin 'yan ta'adda, sharaɗin dokar 1990 ya cika, kuma tsawaita kariyar wajibi ne ga duka waɗanda ke da ita. Su kuwa waɗanda suka haura shekara 10, suka yi aiki, ba su da laifi, majalisa ce ya kamata ta raba su da zaman jiran sanarwa. An taɓa yi. 'Yan Laberiya sun shiga wannan kariya a 1991, suka yi shekara 28 ana tsawaita musu da sunaye daban-daban, har a Disambar 2019 majalisa ta saka wani sashe cikin dokar kasafin tsaro da ya ba su damar neman zaman dindindin. Shugaba Trump ne ya sa wa dokar hannu. 'Yan majalisar Florida da New York da Massachusetts da Ohio, na jam'iyyun biyu, waɗanda 'yan Haiti ke jinyar iyayen masu zaɓensu, su ne ya kamata su kawo irin wannan ƙuduri su tsaya a kansa har ya zama doka.